Matan Zuhudu a Bayan Ganuwar Katsina

A shekarar 1710, lokacin da Katsina take cikin ganiyar arzikinta, ayarin raƙuma suna sauke hajar Tarabulus da Gadamas a kasuwarta, sunan malamanta irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani kuma bai gushe daga bakunan masu neman ilmi ba, waɗansu limaman Nasara guda biyu na ɗariƙar Faransis, Fada Carlo Maria mutumin Genoa da abokin tafiyarsa Fada Severino, suka bi fatake suka taso daga Tarabulus, domin an sha ba su labari cewa can kudu da Barno, a ƙasar Kwararrafa, akwai wata al'umma mai riƙe da alamar gicciye, suka ƙudura a ransu sai sun gan ta da idanunsu. Hanyar Barno ba ta biyu gare su ba, sai suka ratsa ta Fezzan suka faɗa Agadas, daga can suka gangaro Katsina, a nan ciwo ya kwantar da su, ajali ya cim musu ɗaya bayan ɗaya cikin shekarar 1711, ba su gina ɗakin ibada ba, ba su buɗe makaranta ba, labarin mutuwarsu ma wani farke ne ya koma da shi Tarabulus bayan an kwana biyu.

Sai da aka yi fiye da shekara 200 kafin 'yan Katolika su sake tako ƙasar Katsina da niyyar zama. Da suka dawo kuwa, waɗanda suka fi kutsawa cikin gidajen Hausawa, suka zauna kan tabarma da matan aure, suka ɗauki jarirai a hannu, suka koya wa 'yan mata baƙi da wasali, ba limaman ba ne, mata ne masu lulluɓi waɗanda jama'a ke kira sistoci. A kansu nake so in yi magana, domin littattafan tarihin mishan sun ɗauko halin littattafan tarihin sarauta, watau su jera maza masu muƙami, wane ya gaji wane, su tsallake matan da suka riƙe alli da almakashin yanke cibiya. Mu kuma Musulmin Katsina, da yake al'amarin ya faru ne a bayan ganuwa, ba mu taɓa lissafa shi cikin tarihinmu ba, alhali kuwa a ƙasarmu ya faru, kuma da 'yan'uwanmu Hausawa.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin irin rayuwar da ake nufi. Budurwar da ta ji a zuciyarta cewa wannan tafarki ne nata, ba a karɓarta rana ɗaya. Takan fara zama da sistocin wata da watanni ana duban halinta, tana duban nasu. Sa'an nan ta shiga zaman tarbiyya na shekara ɗaya ko biyu ƙarƙashin wata uwa mai horo, inda za ta koyi dokokin ɗariƙar da addu'o'inta da ladubbanta. Bayan wannan ta ɗauki alkawari na wa'adi, wanda ake sabuntawa har shekara uku ko fiye. Sai idan duk wannan ya wuce, ita ba ta janye ba, su ma ba su sallame ta ba, sa'an nan ta tsaya gaban jama'a ta ɗauki alkawarin da babu warwara sai mutuwa. Alkawarin kuwa rukuni uku gare shi: talauci, watau ba ta mallakar kome da sunanta, ko albashin koyarwa ta karɓa asusun gida yake shiga, kame kai, watau ta haƙura da aure da haihuwa har abada, da ɗa'a, watau duk inda shugabarta ta tura ta, ko Gusau ne ko bayan Gusau, sai ta ɗaure akwatinta ta tafi. Ranarta tana farawa tun kafin gari ya waye da addu'ar safe da sallarsu ta Mas, ta wuni a aji ko a ɗakin shan magani, da yamma a sake taruwa a yi addu'a a ja carbi, a ci abinci tare, a kwanta da wuri.

Cikin waɗannan rukunai uku, na tsakiyan ne ya fi ɗaure wa Bahaushe kai, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da a wurinmu darajar mace ɗakinta, aure kuma sunna ce mai ƙarfi, malamai suna karantar da cewa Musulunci bai shar'anta ruhbaniyya ba. Tsohuwar da ta ga baturiya baliga, lafiyayya, mai ilmi, aka ce mata ba ta da miji kuma ba ta nema, abin da za ta fara yi shi ne ta tausaya mata. Amma fa akwai abubuwan da idon Musulmi ya gani ya gane nan take ba tare da tafinta ba: kai a rufe, tufa har idon sawu, carbi a ɗamara, tashin asuba, ƙanƙan da kai, da gudun ƙawar duniya, wanda littattafan sufaye suka cika da yabonsa da sunan zuhudu. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani ya san an ambaci ruhubanawa a Suratul Ma'ida da Suratul Hadid, ya san kuma matsayin Nana Maryamu, wadda sura guda ke ɗauke da sunanta. Saboda haka sista ba ta zo wa Katsinawa a matsayin baƙuwar halitta ɗungum ba. Rabinta sananne ne, rabinta abin al'ajabi, kuma a tsakanin waɗannan biyu ta sami ɗan wurin da ta tsaya ta yi aikinta.

Me ya sa aikin ya tsaya a bayan ganuwa? Dalili na farko siyasa ce. Lokacin da Lugga ya ci Sakkwato a 1903 ya yi wa sarakuna alkawari cewa gwamnati ba za ta taɓa addini ba, Razdanoni kuma suka fassara wannan alkawari da cewa ba za a bar 'yan mishan su kafa tasha a biranen Musulmi ba sai da yardar sarki, yardar da ba kasafai ake samu ba, su ma Turawan mulki ba su cika son a same ta ba. Likita Mila, ɗan mishan ɗin da ya sami zama cikin birnin Zariya tun 1905, daga bisani sai da aka matsar da aikinsa zuwa Wusasa. A Katsina ƙofar da aka buɗe wa mishan ita ce ta kutare, sa'ad da aka danƙa wa ƙungiyar S.I.M. kula da zangon Babbar Ruga cikin shekarun 1930, su kuwa ba Katolika ba ne. Dalili na biyu, wanda a ganina ya fi na farko nauyi, shi ne birnin bai zauna jiran kowa ya kawo masa boko ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya hau gadon sarauta a 1906, ya je Makka da Ingila a 1921, ya karɓi Kwalejin Katsina a garinsa a wannan shekara, mutum ne mai son ya riƙe linzamin sabon abu da hannunsa. Da aka zo maganar karatun 'ya'ya mata, a 1930 aka buɗe makarantar 'yan mata a Katsina da goyon bayansa, ya fara da yaran gidansa da na bayinsa da hakimansa domin talakawa su gani su saki jiki. Watau abin da sista take yi a Legas ko Anaca, a birnin Katsina En'e ce ta ɗauke shi, da malamin addini a cikin jadawali. Dalili na uku ƙarfe ne: layin dogo da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929, bai leƙo birnin Katsina ba, alhali jirgin ƙasa shi ne ya kwaso akawuna da masu gyaran inji da 'yan tireda daga kudu, waɗanda su ne jama'ar Katolika ta farko a wannan yanki. Inda auduga da gyaɗa suka tara baƙi, nan coci ta fara tsayuwa, nan kuma aka fara bukatar mai koyar da 'ya'yansu.

Ta haka sistoci suka yi ta matsowa sannu a hankali, suna kewaye Katsina ba su shige ta ba. Na ƙungiyar Uwargidan Manzanni, wadda Fada Augustin Planque ya kafa a Liyon ta Faransa a 1876, sun iso Kaduna wajen ƙarshen shekarun 1930, suka buɗe kwalejin 'yan mata a Kakuri wadda ta yi suna ƙwarai. Sistocin St Louis, 'yan ƙasar Ayalan, suka sauka Kano a 1948, makarantarsu ta Bompai kuma har yau tana nan, manyan gidajen Musulmi da yawa sun kai 'ya'yansu can. Sa'an nan a 1953 Fadar Paparoma ta yanke lardunan Sakkwato da Katsina daga Kaduna ta mai da su yanki guda, ta danƙa shi ga limaman ɗariƙar Dominik daga Amurka, ƙarƙashin Fada Edward Lawton, suka mai da Gusau sansaninsu na farko. Ba a jima ba suka gane abin da kowane baƙo namiji yake ganewa a ƙasar Hausa, cewa iyakarsa zaure, rabin al'umma kuma yana can ciki inda ba ya isa. Sai suka aika gida neman mata, a 1956 sistocin Dominik na garin Great Bend a jihar Kansas suka iso Gusau.

Yana da kyau mutum ya tsaya ya yi tunanin waɗannan mata. Sun fito ne daga ƙasar manoman alkama, shimfiɗaɗɗiya mai iska da ƙura, ba su san Hausa ba, ba su taɓa ganin Musulmi ba sai a littafi, suka zo da farar riga mai nauyi da baƙin lulluɓi irin na ɗariƙarsu, cikin zafin bazarar Zamfara. Aikin da suka fara da shi, ban da aji, shi ne ɗakin shan magani da ɗakin haihuwa, kuma a nan ne, ba a kan mumbari ba, aka fara yarda da su. Magidancin da ba zai taɓa barin likita namiji ya duba matarsa ba, idan naƙuda ta yi tsanani, unguwarzoma ta yi iyakar ƙoƙarinta, an sha rubutu an yi turare abin ya faskara, yakan yarda a ɗora ta a jaki ko a amalanke a kai ta wurin sista, domin mace ce, kuma mace mai kamun kai. Wanda ya san halin da mata masu haihuwa suke ciki a wancan zamani, da yawan waɗanda doguwar naƙuda ta kashe ko ta bari da yoyon fitsari, da ciwon zuciyar da likitocin Zariya suka danganta daga baya da tsananin wankan jego da kunun kanwa, da yadda ƙyanda da sanƙarau ke share yara idan rani ya yi, ba zai raina ɗakin da ke da tafasasshen ruwa da tsabtataccen almakashi da mai tsayuwa a kan maras lafiya har asuba ba. Daga Gusau aikin ya miƙa Yalwa ta Yawuri, ya kuma shigo lardin Katsina ta kudu, ta Malumfashi.

Shekarar 1966 ce ta juya al'amarin gaba ɗaya. Tarzomar da ta biyo bayan kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa ta taɓa Katsina da Funtuwa da Gusau, mutanen Gabas suka kwashe iyalansu suka tafi, coci-coci da azuzuwan da suka cika da su suka wayi gari wayam, a ƙarshen shekarar kuma Lawton, wanda bai kai shekara uku da zama bishop ba, ya rasu. Waɗanda suka rage, ƙarƙashin magajinsa Michael Dempsey, sai suka tambayi kansu ko don wa suka zo. Amsar da suka samu tana cikin ƙauyukan Maguzawa na wajen Malumfashi da Kafur da maƙwabtansu, Hausawa tsantsa, manoma na gaske, masu zama gida-gida a tsakiyar gonakinsu, waɗanda suka riƙe al'adun kakanni, kuma, in za mu faɗi gaskiya, waɗanda masu mulki suka fi tunawa da su ranar karɓar haraji fiye da ranar rabon makarantu. A Malumfashi aka kafa cibiyar horar da katakis, watau malaman da ke karantar da addini a ƙauye, da Hausa ake karatun, da Hausa ake waƙoƙin, da kalangu da ganga. Rabon sistoci a wannan aiki shi ne mata da yara: karatu da rubutu, ɗinki da saƙa, awon ciki, rigakafi, yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa, da lallashin uba ya bar 'yarsa ta gama firamare kafin a karɓi kuɗin aurenta, wanda a wurin Maguzawa ba ƙaramar dukiya ba ce. Wannan ya zo daidai da sauyin da babbar majalisar Vatikan ta biyu ta kawo tsakanin 1962 da 1965, wadda ta halatta yin ibada da harsunan jama'a maimakon Latin, ta sassauta tufafin sistoci, ta kuma fitar da takarda mai ambaton Musulmi da girmamawa. (A cikin limaman da suka zauna wannan yanki har da Fada Joseph Kenny, wanda ya koyi Larabci, ya yi digirinsa na dakta a kan aƙidar Shehu Sanusi, ya kuma juya Risala ta Ibn Abi Zaid zuwa Turanci, almajiran zaure da yawa za su yi mamakin jin cewa littafin da suke biyawa gaban malam, wani fada ya bi shi babi-babi.)

A nan wajibi ne a yi insafi ta fuska biyu. Iyayen da suka ƙi kai 'ya'yansu makarantar mishan ba jahilai ba ne, ba kuma tsoron banza suka ji ba. Sista ba ma'aikaciyar gwamnati ba ce da aka turo ta cike gurbi. Mace ce da ta bar uwa da uba saboda imaninta, kuma tana fatan wasu su karɓi wannan imani, ko ta faɗa da baki ko ta bar aikinta ya faɗa. Uban da ya lura da haka ya ce shi 'yarsa allo za ta riƙe, ya fahimci al'amarin sarai. Ta ɗaya fuskar kuma, duk wanda ya ce hidimar tasu dabara ce kawai ta farautar mabiya, bai yi lissafi ba: a lardin Sakkwato da na Katsina Musulmin da suka canja addini ta hannunsu ba su taka kara sun karya ba, su ma sun san haka tun da wuri, amma ba su rufe ɗakin haihuwa ba, ba su kuma tambayi mai naƙuda addininta a bakin ƙofa ba. Mutum yana iya ƙin aƙidar wani ya kuma shaidi amanarsa, wannan ba sabon abu ba ne a fiƙihunmu na zaman tare da Ahlul Kitabi.

Kada kuma a ɗauka cewa koyar da mata don neman lada baƙon abu ne da ya zo a jirgin ruwa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi malaman zamaninsa a kan barin matansu da 'ya'yansu cikin duhun jahilci suna karantar da na waje. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara ƙungiyar 'yan taru, tana naɗa wa kowace jaji malfa, suna bin ƙauyuka suna kai wa mata karatu cikin waƙa. Jaji da sista sun sha bamban a aƙida da aure, amma idan aka dubi aikin ƙafa da suka yi, da irin matan da suka nufa, watau na karkara waɗanda babu mai zuwa wurinsu, za a ga sun bi turba ɗaya. Abin da sista ta zo da shi wanda ba mu da irinsa shi ne tsari mai ɗorewa: gida, da asusu, da doka rubutacciya, da magajiya da ke jiran ta karɓi aji idan ta farko ta tsufa ko ta mutu.

Wannan tsari ne ya cece su sa'ad da iska ta sake juyawa. A zamanin Jihar Arewa, lokacin da Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, yake ministan ilmi, makarantun mishan da suka cika sharaɗi suna samun tallafin gwamnati, sufetoci suna zagaya su. Bayan yaƙin basasa, a farkon shekarun 1970, gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta haɗa Zariya da Katsina, ta karɓe manyan makarantun, kwalejin Kakuri ta koma Kwalejin Sarauniya Amina, ta St John ta koma Kwalejin Rimi, samun izinin shigowa ƙasa kuma ya yi wa 'yan mishan Turawa wuya. Da a kan fatar Bature aikin ya dogara, da nan ya ƙare. Amma a 1973 sistocin Kansas suka fara karɓar 'yan matan Nijeriya a Gusau, suka kafa reshe da sunan Katarina ta Siyena, wata waliyyar ɗariƙarsu da ta rayu a Italiya a ƙarni na 14. Reshen ya yi ta girma har ya tsaya da ƙafarsa a 2007, shugabanci da dukiya duk a hannun 'yan ƙasa. Daga cikin Amurkawan akwai wadda ta ƙi komawa, Sista Rita Schwarzenberger, wadda ta zo a 1975, ta yi shekaru tana koyarwa, daga baya ta jagoranci wata cibiyar kula da yaran karkara a kusa da Kaduna, inda ake gyara ƙafafun yaran da ciwon ƙashi ya tanƙwara.

Amma idan ana neman rayuwar mace guda wadda ta tattara wannan tarihi duka a jikinta, sai a haye iyaka ta Jibiya a nufi ɗaya Katsinar, watau Maraɗi, inda zuriyar sarakunan Haɓe suka kafa gari bayan jihadi, inda har yau ake kiran mai sarautar Sarkin Katsina. A can ne Uwa Marie Catherine Kingbo ta yi aikinta. Daga Senegal ta fito, ta shiga ƙungiyar 'Ya'yan Tsarkakakkiyar Zuciyar Maryamu, wadda aka kafa tun 1858, ɗaya daga cikin mafi daɗewar ƙungiyoyin sistoci baƙar fata a Afirka, ta hau har ta zama shugabarta ta gaba ɗaya, ta riƙe wannan muƙami shekara 12. Macen da ta kai nan, bisa al'ada sai ta huta, a riƙa gaishe ta ana neman shawararta. Ita kuwa sai ta tafi Faris ƙarin karatu, a can, tana cikin nazarin dangantakar Kiristanci da Musulunci, ta ƙudura cewa sauran kwanakinta a tsakiyar Musulmi za ta yi su. Ta nemi izini ta bar ƙungiyar da ta shugabanta, abin da ba shi da sauƙi ga mai shekara hamsin da ɗoriya, ta sauka Maraɗi a 2006, shekara guda bayan yunwar 2005 wadda ta fi tsanani a wannan yanki, Bishop Ambroise Ouédraogo ya karɓe ta, ta kafa sabuwar ƙungiya mai suna Bayin Almasihu.

Hanyar da ta bi ita ce abin lura. Ba ta fara da gini ba, ta fara da gaisuwa. Takan je wurin mai gari da liman ta zauna, ta nemi izninsu kafin ta tara matansu, sa'an nan ta kira su kansu taro, masu gari da limamai da matasa, a zauna kwana biyu ko uku ana tattauna auren wuri da auren dole da abin da suke jawo wa yarinyar da ƙugunta bai isa haihuwa ba, a bar malamai su kawo hujja daga nasu littattafai maimakon a kawo musu daga waje. Ta buɗe wurin ciyar da yara masu tamowa da mata masu ciki a Dan Bako da Saye Sabuwa, ta raba wa mata jari kaɗan-kaɗan su juya, ta gina makaranta da ɗakin kwanan 'yan mata a Tibiri, garin Sarkin Gobir, aikin ya game ƙauyuka fiye da 100 waɗanda kusan duk mutanensu Musulmi ne. A watan Janairu na 2015, sa'ad da aka ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai saboda zanen ɓatancin da wata jarida ta buga a Faransa, zaman Kirista a Nijar ya yi wuya, amma ba ta tattara ta koma Dakar ba, aikin ya ci gaba. Ta rasu a watan Mayu na 2021, ta bar 'yan matan Afirka da ta horar suna riƙe da makarantar.

A cikin wannan wata na Mayu ɗin dai 'yan bindiga suka faɗa gidan limaman cocin St Vincent Ferrer a Malumfashi da dare, suka kashe Fada Alphonsus Bello, suka tafi da wani dattijon limami; watanni kaɗan kafin haka an kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara, an kwashe 'yan mata a Jangebe. Masifar ba ta tambayar addini, kuma ta fi cin irin wuraren da sistoci suka saba aiki, watau ƙauyen da ke nesa da kwalta, da makarantar kwana, da ƙaramin asibitin da mace ke kwana ita kaɗai da fitila. Duk da haka a ranar 16 ga Oktoba 2023 Paparoma Francis ya yanke Katsina daga Sakkwato ya ba ta bishop nata, Gerald Mamman Musa, wanda aka bayyana a matsayin Bahaushe na farko da ya kai wannan muƙami a cocin Katolika, kujerarsa kuma tana cocin St Martin de Porres a Katsina, mai ɗauke da sunan wani bawan Allah na ɗariƙar Dominik, ɗan wata baƙar mace a ƙasar Peru, wanda ya ƙare rayuwarsa yana jinyar marasa lafiya. An yi bukin naɗin, an yi jawabai, an ambaci bishop-bishop da suka gabata ɗaya bayan ɗaya. Amma jama'ar da ta cika wurin tana amsa addu'a da Hausa, da yawansu jikokin matan nan ne da suka fara riƙe fensir a rumfar sista a ƙauyukan Malumfashi da Kafur.

Waɗannan tsofaffi suna nan da ransu, kaɗan dai suka rage, haka nan tsofaffin unguwarzoma da malaman firamare da suka yi aiki tare da sistoci a Funtuwa da Gusau da Malumfashi, Musulmi da Kirista. Ina kira ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da malaman sashen tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, su tura ɗalibai, musamman mata, da na'urar ɗaukar magana, su zauna da su, su rubuta sunayen waɗanda suka koyar da su da shekarun da aka yi da abin da aka koya, da daɗinsa da ɗacinsa, su kuma nemi izinin duba littattafan rajista na makarantu da ɗakunan haihuwa da ke Gusau da Malumfashi tun gara ba ta riga su ba.